Takin da ya wuce saiwa

A shekarar 1945 wani matashin likitan yara mai suna Hunter Comly, da ke aiki a asibitin jami'ar Iowa a tsakiyar Amurka, ya wallafa rahoto kan wasu jarirai biyu 'yan ƙauye da aka kawo musu. Dukkansu ba su kai wata biyu a duniya ba. Leɓɓansu sun yi shuɗi, jikinsu ya dushe, numfashi da ƙyar, ga shi kuwa an duba zuciya da huhu ba a ga komai ba. Da aka ɗebi jininsu sai aka ga ba ja ba ne, ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Ta farkon, in an kwantar da ita a asibiti sai ta warware, in an mayar da ita gida ciwon ya dawo. Mahaifinta ne ya fara cewa yana zargin ruwan rijiyarsu, wanda ake dama mata madara da shi. Likitocin ba su raina maganarsa ba. Aka auna ruwan, aka tarar cike yake da naitiret.

Naitiret wani nau'in gishiri ne na sinadarin naitirojin, shi ne abin da shuka ke sha ta yi kore shar. Babba in ya sha shi a ruwa ko ya ci a ganye, yawanci jikinsa na iyawa da shi. Jariri ɗan ƙasa da wata shida bai kai nan ba. Cikinsa bai yi tsamin da zai hana ƙwayoyin cuta zama ba, su kuwa sai su juya naitiret ya zama wani abu mafi illa, naitirayit. Wannan ya shiga jini, ya taɓa sinadarin ƙarfen da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, su kasa ɗaukar iska. Yaro na numfashi, iska na shiga ƙirji, amma jini ba ya kai ta inda ake bukata. In kuma yana gudawa, abin ya fi tsanani.

Bayan rahoton Comly sai likitocin karkara suka fara gane abin da dā yake wuce su. A 1951 aka tattara alƙaluma daga jihohin Amurka, aka ƙirga jarirai 278 da suka kamu, 39 daga ciki sun rasu. A cikin waɗanda aka samu awon ruwan gidansu, babu wanda ya kamu da ruwan da naitirojin ɗinsa bai kai miligiram 10 a lita ba. Nan aka ja layi a 1962, kuma har yau shi ne ma'aunin Amurka. In aka auna shi da naitiret ɗin kansa, ya kama kusan miligiram 45. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da nata a kan 50, shi ne kuma Najeriya ta ɗauka a ƙa'idar ruwan sha da ta fitar a 2007.

Sai dai rijiyoyin 1945 ba takin buhu ne ya ɓata su ba, domin a lokacin bai yaɗu ba. Rijiyoyi ne na haƙar hannu, marasa zurfi, kusa da garke ko masai, bakinsu a lalace. Matsala ce ta gida ɗaya, maganinta kuma a fili: a matsar da rijiya, a zurfafa ta, a ɗaure bakinta. Abin da ya biyo baya shi ya mayar da ita matsalar jiha guda.

Tun 1909 Bajamushe Fritz Haber ya gano yadda za a kamo naitirojin daga iska a mayar da shi amoniya, a 1913 kuma Carl Bosch ya kafa masana'antar farko. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta gina manyan masana'antun amoniya domin haɗa nakiya. Yaƙi ya ƙare, masana'antu na nan, sai aka juya akalarsu zuwa gona. Taki ya yi arha ƙwarai. Tsakanin 1960 da 1980 yawan takin naitirojin da manoman Amurka ke zubawa ya ninka kusan sau huɗu. Ba na cikin masu ganin wannan a matsayin annoba. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau abincin da suke ci da wannan takin aka noma shi, kuma duk wanda ya taɓa ganin gonar masara ta yi ɗorawa don rashin taki ya san darajar buhu ɗaya.

Amma fuskar gona ta sauya gaba ɗaya. Manomin Iowa na dā yana juya shuka: bana masara, baɗi hatsin dawaki, sannan a bar filin shekara biyu ko uku da ciyawar dabbobi dangin wake, wadda saiwarta ke gyara ƙasa. Shanunsa na kiwo a nan, kashinsu na komawa nan. Da taki ya samu a kasuwa, ba ya bukatar duk wannan. Aka nome makiyaya, aka koma masara da waken suya iyakar ganin ido. Dabbobi aka tattara su cikin manyan rumfuna. Yau mutanen Iowa ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba, aladun da ake kiwo a jihar kuwa sun haura miliyan ashirin, kuma ruwan kashinsu a kan waɗannan gonakin ake zubawa, ƙari a kan na buhu.

Akwai wani abu a ƙarƙashin gonakin da matafiyi ba zai gani daga mota ba. Yawancin arewa ta tsakiyar Iowa dausayi ne a asali. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka riƙa binne bututan yumɓu, kimanin mita ɗaya a ƙasa, domin tsotse ruwan; yanzu na roba ake sakawa, masu ƙananan huji. Ka tsaya a bakin lambatu a watan Mayu, za ka ga bakin bututu ya leƙo daga gaɓa yana zubar da ruwa garau, babu laka, babu wari. A cikin wannan ruwan takin yake tafiya. Dalili kuwa, ko da wace siffa taki ya shiga ƙasa, yuriya ce ko amoniya ko kashin dabba, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa kan mayar da shi naitiret cikin 'yan makonni in ƙasa ta yi ɗumi. Ƙasa tana riƙe amoniya, amma ba ta riƙe naitiret. Duk inda ruwa ya nufa, can zai bi. Ga shi daga girbi a watan Oktoba har shuka ta yi ƙarfi a Yuni filin tsirara yake, babu saiwar da za ta tare shi, kuma a wannan tsakanin ake zuba mafi yawan takin. A faɗin duniya ma, abin da amfanin gona ke sha daga naitirojin da aka ba shi bai kai rabi ba. Sauran wani ya tashi sama, wani ya gangara rafi, wani ya nutse.

Mutanen Iowa ba su jahilci wannan ba, kuma wannan ne ya fi damuna a labarinsu. Tun 1981 masana ƙasa na jihar suka sa ido kan wani babban marmaro mai suna Big Spring a arewa maso gabas, inda duwatsun farar ƙasa masu rami-rami ke barin ruwa ya wuce da sauri. Suka nuna cewa tun daga shekarun 1960 naitiret ɗin marmaron ya ninka wajen sau uku, kafaɗa da kafaɗa da ƙaruwar taki a gonakin da ke samansa. A 1987 majalisar jihar ta yi dokar kare ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ta sa ɗan haraji a kan taki, ta kafa cibiyar binciken noma mai ɗorewa, ta buɗe hanyar auna rijiyoyin gidaje kyauta. Doka ce da aka yaba a ko'ina. Bayan shekara talatin, a 2017, majalisar ta janye kuɗin cibiyar.

Babban birnin jihar, Des Moines, daga koguna biyu yake ɗiban ruwan sha, kogunan kuwa daga waɗancan bututan suke cika. A farkon shekarun 1990 hukumar ruwan birnin ta kashe sama da dala miliyan 4 ta gina injin cire naitiret, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. A 2015 sai da injin ya yi kwana 177 yana aiki, mazauna birni suna biya. A shekarar nan hukumar ta kai hukumomin magudanan ruwa na gundumomi uku ƙara, tana cewa ruwan da ke fita daga bututansu gurɓatawa ce kamar ta kowace masana'anta. A 2017 kotu ta kori ƙarar. Shirin da jihar ta fito da shi a 2013 na rage taki mai kwarara kuwa na ganin dama ne, wanda ya so ya bi. A watan Yuni na 2025 naitiret ya yi yawa a kogunan har aka hana mutanen birnin ba ciyawar ƙofar gidajensu ruwa, domin injin ya iya wadatar da na sha.

Birni ke nan, mai kuɗi da injiniyoyi. Mutumin ƙauye mai rijiyarsa a bayan gida ba shi da kowa. Dokar ruwan sha ta Amurka ta 1974 ba ta shafi rijiyoyin gidaje ba, kuma sama da mutum miliyan 40 a ƙasar da su suka dogara. A 1986, shekara arba'in da ɗaya bayan rahoton Comly, wata jaririya 'yar wata biyu ta rasu a jihar Dakota ta Kudu da wannan ciwon, daga ruwan rijiyar gonarsu. A 2023 hukumar kare muhalli ta tarayya ta umarci jihar Minnesota, maƙwabciyar Iowa, da ta tashi tsaye kan rijiyoyin kudu maso gabashinta, inda aka ƙiyasta sama da mutum 9,000 na cikin haɗarin shan ruwan da ya wuce ƙa'ida.

Me ya sa abin da aka sani shekara tamanin bai gyaru ba? Mu kan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a wannan sha'anin mai ɗiba daban, mai ƙonewa daban. Manomin da ya ƙara taki fiye da bukata lissafinsa daidai ne: in damina ta yi kyau ƙarin zai biya kansa, in bai ƙara ba kuma amfani ya ragu, bashin banki ba zai jira shi ba. Asarar ƙarin kaɗan ce a aljihunsa. Babbar asarar tana can a rijiyar wani, ko a kogin birnin da bai taɓa kwana ba. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Laifin yana kan tsarin da ya tallafa wa masara, ya arhanta taki, sannan ya bar tsabtar ruwa ga ganin dama. Sai kuma jinkiri, wanda ke ɓoye sawun mai laifi. A duwatsun alli na kudancin Ingila an auna cewa naitiret na nutsewa kimanin mita ɗaya ne a shekara. Takin da kaka ya zuba, jika ne zai sha shi, ko da kuwa an daina zubawa tun tuni. Turai ta yi dokarta kan naitiret a 1991, amma sai da kotun Tarayyar Turai ta samu Jamus da laifin sakaci a 2018. Bincike kuma na ci gaba kan manya: a Denmark an bi bayanan mutum miliyan 2.7, a 2018 aka ba da rahoton cewa sankarar hanji ta fi yawa ga masu shan ruwa mai naitiret, tun ma bai kusanci ƙa'idar miligiram 50 ɗin nan ba.

Mu a ƙasar Hausa muna farkon wannan hanyar ne, kuma namu sauyin ya faru a idon mutanen da ke raye. Dattawan karkarar Kano sun san lokacin da jakuna ke jerin gwano da rani, mangaloli cike da takin turke da toka da sharar birni, ana jibgewa a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Ana roƙon Fulani su yi zango a gona bayan girbi, a ba su hatsi. Ana barin gawo a tsakiyar gona don an san abin da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Takin zamani ya shigo da ƙarfinsa ne tun daga shekarun 1970, da ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, da juyin noma na zamanin Shagari. Da fari malaman gona ne ke lallashin mutane su karɓa, wasu na cewa yana kashe ƙasa. Yau manomi kan sayar da akuya don buhu ɗaya, kuma hirar majalisa da damina ba ta wuce an sa kamfa, saura yuriya.

Gaskiya ce da ba za a kauce mata ba cewa yawancin gonakinmu yunwar taki suke yi. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun tarar kilo 8 kacal ake zubawa a hekta, suka yi alkawarin kaiwa 50 kafin 2015, kuma ƙasashe da yawa har yau ba su kai ba. Gonar gero a jigawa, wadda ba ta ga ko mudu biyar ba, ba ita ce abin tsoro ba. A yawancin garuruwanmu ma abin da ya fi zuba naitiret a rijiya shi ne masai da aka haƙa taku kaɗan daga bakinta, kamar dai Iowa ta 1945. A gabashin Yamai kuma masu bincike sun danganta naitiret ɗin wasu rijiyoyi da sare daji, wanda ya saki abin da ƙasa ta daɗe tana ajiye da shi.

Amma matsakaicin lissafi yana ɓoye fadama. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, sannan shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya cika kwaruruka da ƙananan burtsatse da injinan ban ruwa, sai aka samu wuraren da ƙasa ba ta hutawa: shinkafa da damina, tumatir ko alkama ko albasa da rani. Haka abin yake a Aliero, haka a Galmi. A irin waɗannan wuraren taki ba ya kaɗan, domin kayan lambu na biyan kuɗinsa. Je ka lambu da hantsi ka gani. Mai lambu ya riƙe kwano, yana watsa farar yuriya da hannu a kan fangali, wadda kusan rabin nauyinta, kashi 46 cikin ɗari, naitirojin ne. Ya gama, ya ta da inji, ruwa ya cika fangalin har ya kwanta. Ƙasar rairayi ce, ruwan ƙarƙashi kuma bai fi 'yan mitoci ba. Rana ta take, ya tara hannu a bakin tiyon nan ya sha, yaransa su cika jarka su kai gida. Rijiyar da ke shayar da albasa ita ke shayar da iyali. Yanzu kuma da aka buɗe masana'antar Dangote a Legas a 2022, mai iya fitar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara, ga ta Indorama a jihar Ribas, takin da za a zuba a shekaru masu zuwa sai dai ya ƙaru.

Duk hanyoyin da muka gada na gane ruwa mai kyau ba sa aiki a nan. Muna duba shi a ido, mu sansana, mu ɗanɗana mu ji ko da zartsi. In ya yi laka mu jefa alif ko mu tace da ƙyalle, in rijiya ta yi wari a kira masu yasa. Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Alif ba ya kwantar da shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa shi. Tafasawa, wadda ita ce shawarar da ake ba kowace mai jego, ƙara masa ƙarfi take yi, kamar yadda miya ke ƙara gishiri in ta daɗe a wuta: ruwan ne ke tashi, shi yana nan. Ba cewa nake a daina tafasa ruwa ba, domin gudawa da kwalara sun fi kisa nesa ba kusa ba. Cewa nake tafasawa maganin wata cutar ce daban.

Sannan ga fatarmu. Shuɗin da likitan Iowa ya gani a fuskar jaririyar Bature ba zai fito haka a jikin ɗanmu ba. Sai an buɗe baki an duba harshe da dasashi, an duba leɓe da ƙarƙashin farce. In ba a sani ba, sai a ce sanyi ne ya shige shi, ko a ce iska ce, a ƙara masa jiƙo da ruwan da ya jawo ciwon. Alhali maganinsa sananne ne, allura ce da ke dawo da jinin daidai cikin ɗan lokaci, in an kai shi asibiti da wuri kuma ma'aikacin ya san abin da yake gani. Wani abin godiya ga Allah shi ne nonon uwa ba ya ɗauko naitiret ɗin da zai cutar, ko da uwar ta sha ruwan. Haɗarin yana cikin ɗan ruwan da ake ɗura wa jariri don kada ƙishi ya kama shi, da jiƙe-jiƙe, da madarar gwangwani da ake damawa da ruwan rijiya.

Abin da zai kare rijiya shi ne kuma zai kare aljihun manomi, kuma nan muka fi Iowa sa'a, domin taki a wurinmu tsada gare shi. A raba shi kashi biyu ko uku maimakon a zuba gaba ɗaya. A tona a binne a gindin shuka, kada a watsa a sama. Kada a zuba in hadari ya haɗo, kada kuma a biyo shi da ruwan da ya fi ƙarfin fangali. A cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore a Nijar an nuna cewa ɗan abin da bai fi cikin murfin kwalba ba, in an sa shi a ramin shuka, yana ɗaga amfanin gero sosai. Takin turke da gawo da wake a tsakanin dawa ba su tsufa ba. Rijiyar sha kuma a nisanta ta da masai da garke aƙalla mita 30, a sa ta ta sama da gangare, a ɗaure bakinta da siminti.

Abin da ya rage na hukuma ne, kuma ba mai tsada ba ne. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa, cikin minti ɗaya ta sauya launi ta nuna yawan naitiret. Ina kira ga hukumomin ruwan karkara na jihohinmu, da takwarorinsu na Maraɗi da Tawa da Damagaram, su sa ta a hannun malaman gona da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi. A auna duk rijiyar da ke cikin lambu ko kusa da masai sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar noman rani, a rubuta sakamakon a ajiye, wadda ta wuce 50 a sanar da mai unguwa da ungozoma. Kafin a kai ga haka, ke mai goyon ɗan ƙasa da wata shida, ki bar shi da nono zalla, in kuma kika ga harshensa ko leɓensa ya sauya launi, ki kai shi asibiti a ranar, ki gaya musu daga wace rijiya kuke sha.